Bokitin da Ya Cika a Gidan Ɗantsoho

Ranar da Malama Khadijatu ta kawo bokitan nan Lausu, babu wanda ya kai Ɗantsoho dariya. Malamar gona ce, daga Rano take zuwa, kuma a tsakar gidansa ta tara matan unguwa, don matarsa Fulera ce ke jan 'yar ƙungiyarsu ta masu lambun bayan ɗaki. Shi kuwa gogan ya ƙi tafiya gona, ya zauna a bakin zaure wai yana gyaran ƙotar fartanya, alhali kunnensa duk yana ciki.

Bokiti ne shuɗi mai murfin da ke kamawa gam, da ɗan famfo a gindinsa. Malama ta kwance wani buhun dusa mai ƙanshin tsami, ta ce da ruwan tsamin nono aka kwaɓa ta, da ruwan wankin shinkafa da ɗan mazarƙwaila. A cikinta, in ji ta, akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Duk abincin da ya ragu a madafa, a juye shi a bokiti, a barbaɗa dusar, a danne, a rufe. Ba wari, ba ƙuda, ba tsutsa. In ya cika an sami takin lambu.

"Malama!" Ɗantsoho ya ɗago murya daga zaure. "Wane abincin ne yake raguwa? A Lausu? Tuwon jiya ɗumame ne, ƙanzo a jiƙa a sha, ɓawon dankali na akuya ne, tsaki na kaji. Waɗannan 'yan halittun naki in dai a gidana za su zauna, wallahi yunwa ce ajalinsu."

Mata suka kwashe da dariya, har Malamar. Ai gaskiya ya faɗa. Kowa ya san Ɗantsoho da ci. In aka yi gayya a gonar wani, masu girki sai sun tambaya ko yana cikin masu zuwa kafin su auna gari. Shekarun da Fulera ta yi a gidansa ba ta taɓa wahalar kankare kwanonsa ba, da yatsa yake sharce shi tas ya miƙo mata. Haka bokitin ya zauna a bayan ɗaki, daga ɓawon albasa sai ƙwanson ƙwai, ko gindinsa bai rufe ba.

Da kaka abin ya fara. Tsokar nama ta maƙale masa a wuya, aka yi ta bubbuga bayansa ana tsokanarsa da haɗama. Daga nama abin ya koma kan tuwo, kowace loma sai ya kora da ruwa. Da ya ga wasa ya ƙare sai ya shiga motar Sagiru, direban da ke jigila tsakanin Tarai, Kibiya, Rano da birni, ya sauka a wani asibiti a Kano shi kaɗai. Ya koma, ya sake komawa. Dawowarsa ta ƙarshe ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Fulera, tsiro ne a maƙogwaro. Sun ce ya yi nisa. Wai in dawo gida in riƙa shan abu mai ruwa-ruwa."

Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Abu ɗaya nake roƙonki," ya ce. "Kada Inna ta ji."

Inna Zulaiha mahaifiyarsa ce, tana can Tarai, tsohuwa tukuf, yanar ido ta rufe mata gani sai inuwa-inuwa take hange. Sauran 'ya'yanta maza duk ta binne su, shi ne auta, shi kaɗai ya rage mata, sai yayarsa Saratu da ke aure a nan Lausu.

"Malam, ta yaya za a ɓoye wa uwa irin wannan?"

"A ce taifot ne, ina samun sauƙi. Ko Yaya Saratu kada ki gaya wa. Abin da mutum ɗaya ya sani a garin nan, kafin la'asar ya hau motar Sagiru ya sauka Tarai. Ki bar Inna ta ƙarasa kwanakinta tana ganin tana da ɗa. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa. Me za ta ce wa mutumin da ko miyau da ƙyar yake haɗiyewa?

To, mutanenmu dai kun san su. In aka ce wane ba lafiya, ba su san wani magani da ya wuce kwano ba. Ballantana Ɗantsoho, wanda kowa ya san hanyar zuciyarsa ta ciki ta bi. Kwanukan dubiya suka fara sintiri. Wannan ta aiko da dambu, waccan da ɗanwake, wata da waina da miyar taushe, wani ya dawo daga Tiga ya kawo kifi. Kuma duk wadda ta zo karɓar kwanonta, tambaya ɗaya ce a bakinta.

"Ya ci?"

Da farko Fulera takan ce, "Ya ɗan taɓa." Sai ta ga fuskoki suna sauyawa, ana kallon juna. Sai ta koma cewa, "Ya ci, alhamdu lillahi." Daga nan kwano ba shi da damar komawa da komai a ciki.

Ta ci iya cinta, amma cikin mutum ɗaya ne, kuma mai kukan zuci ba ya jin yunwa. 'Ya'yansu mata duk suna gidajen mazajensu. Ta ba awaki? Dangar da ke tsakaninsu da maƙwabta ko kafaɗa ba ta kai ba, a ga akuyar Fulera tana cin wainar da aka kawo wa maigida da safe, ai magana ta ƙare. Ta zubar a juji? Kaji za su tone, yara su gani. Tana tsaye a bayan ɗaki da kwanon dambu a hannu, ta rasa gabas ta rasa yamma, idonta ya faɗa kan shuɗin bokitin.

Ta yi istigfari kafin ta juye, don tun tana yarinya ta san ba a wulaƙanta abinci. Ta barbaɗa dusa, ta danne, ta mai da murfi. Kashegari ta je tana ɗar-ɗar, ta shinshina. Babu komai sai ɗan tsami-tsami. Ko ƙuda ɗaya bai zo ba. Malama ba ta yi ƙarya ba, abin yana da rufin asiri.

Wanda ya fi ci mata rai shi ne furar Inna. Duk ranar kasuwa sai Sagiru ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo ƙwarya ɗaure da ƙyalle. Tsohuwar da ba ta gani, amma ta sa a daka mata, ta zauna ta cura da hannunta. Kuma kowane curi sai ta danna masa babban yatsanta a tsakiya. Tun Ɗantsoho yana ƙarami take masa haka, don yayyensa kada su cinye wa auta rabonsa, aka san mai gurbin yatsa nasa ne. Yayyen sun tafi, gurbin bai daina zuwa ba.

Fulera takan dama guda ɗaya, ta tsinka ta da ruwa sosai, ta tace, ta kai masa. Ya karɓi cokali, ya riƙe a baki, ya rufe ido ya yi ta kokawa. Wata rana kaɗan ya wuce. Yawanci sai ya ƙware, ta dawo ta baki ta hanci, ya yi ta tari har hawaye. In ya lafa sai ya ce ta miƙo masa curi ɗaya, ya sa yatsansa a gurbin na Inna.

"Sha ke," yakan ce.

Ina! Ta gwada, ta kasa. Kuma hannunta ya kasa marmasa sauran curin kamar yadda Malama ta ce a riƙa yi wa abu mai girma. Sai ta yi musu gurbi a cikin bokitin, ta jera su ɗai-ɗai yadda suke, ta lulluɓe da dusa. In Sagiru ya dawo karɓar ƙwarya, ta ce, "Ka gaya wa Inna ya shanye, yana godiya."

Ta tsani bokitin nan, wallahi ta tsane shi. Wasu halittun da ko ganinsu ba a yi suna can suna ta ci ba dare ba rana, ga ƙaton mutum a ɗaki yana ƙarewa da yunwa a tsakiyar kwanuka. Wani lokaci in ta danna murfin sai ta kai masa duka da tafin hannu, ta ce, "Ku ci, marasa kunya, ku kuka samu." Sannan ta share ido ta koma ɗaki. Ruwan da ke tsatsowa ta famfon kuwa, da ta sirka ta zuba wa yakuwarta da alayyafo, sai suka yi shar, har mata suna leƙe ta danga suna sa albarka.

Ɗantsoho ya koma zama a lungun ɗaki inda haske bai kai ba, da babbar riga da mayafi, hannuwa a ciki. Masu dubiya su gaishe shi daga bakin ƙofa, ya tattaro ƙarfinsa ya yi musu barkwanci guda, su tafi suna cewa jiki da sauƙi. Saratu ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ta tsare Fulera a madafa.

"Ke, mutumin da ke share kwanuka haka, ina naman yake tafiya? Wuyansa fa ya zama kamar na zakara."

"Ciwon ne ke cinyewa, Yaya. Haka likita ya ce."

Saratu ta dube ta, ta dubi kwanonta wankakke, ta ɗauka ta fita.

Da bazara ta kama, Malama Khadijatu ta dawo duba bokitai. Abin dariya, in da Fulera na da sauran dariya. Wata ta mai da nata randar ruwa, wata ta zuba gero a ciki don ɓera ba ya iya buɗe murfin, sauran kuwa daga ɓawon albasa sai karan alayyafo. Da ta zo na Fulera ta kasa ɗaga shi. Ta buɗe, ga dusa ta yi farin gashi-gashi a sama, ga ƙanshin tsami mai kyau.

"Ma sha Allahu! Ke kaɗai kika riƙe karatun. Yanzu kada ki ƙara buɗe shi, ki bar shi ya tsimu. Zan dawo in tara mata, mu haƙa rami a lambunki mu juye a gabansu, su gani da idonsu."

Fulera ta dubi bokitin. "Malama, kafin nan ya zama ƙasa ke nan?"

"Ke dai za ki ga abin mamaki," in ji Malama tana murmushi. Har ta karɓo mata bokitin matar nan mai gero, ta ce ta ci gaba da zubawa a nan.

Fulera ta ɗauki wannan amsa a matsayin i. Taki ai taki ne, baƙi ne, marmashi ne, wa ya taɓa ganin takin da ba haka ba? Kullum saman kawai take gani in ta buɗe, ta ɗauka na ƙasa ya daɗe da narkewa. Ba wanda ya gaya mata cewa abin da aka sa a irin wannan bokiti ba ruɓewa yake ba. Ko kuma an faɗa a ranar farko, dariyar Ɗantsoho ta danne.

Ranar da aka sa, da hantsi mata suka cika gidan. An haƙa rami a gefen yakuwa. Ana cikin haka aka ji tsayuwar mota, sai ga Sagiru yana riƙe da hannun Inna Zulaiha, da ƙwaryarta a ɗaya hannun.

"Na ce yau da ƙafata zan kawo," in ji tsohuwar. "Yaron da ke shanye mini ƙwarya guda, ai ya isa in zo in ji muryarsa."

Fulera ta durƙusa ta gaishe ta. Aka kai Inna ɗaki. Daga tsakar gida ana jiyo Ɗantsoho, Allah kaɗai ya san inda ya samo muryar.

"Inna, furarki ce ta tashe ni! Ki ƙara yawan barkono dai."

"Ja'iri, har yanzu bakinka bai mutu ba," ta ce tana dariya.

Ya ce barci yake ji, don kada ta matso ta taɓa shi. Saratu ta fito da ita, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar zogale, dab da ramin, wai ta sha iska ta ji karatun zamani.

Mata biyu suka kinkimo bokitin. Malama ta ɓalle murfi, suka kifa shi a bakin rami, suka bubbuga gindinsa, suka ɗaga.

Abin ya fito a dunƙule, da siffar bokitin, ya tsaya kaɗan, sannan ya dare gida biyu.

Fulera ta leƙa. Babu abin da ya zama ƙasa. Komai na nan yadda ta zuba shi, hawa-hawa, launinsa kawai ya ɗan dushe. Ga dambu da zogalensa, ga ɗanwake ƙwaya-ƙwaya, ga waina da zagayenta, ga kan kifi.

"Kun gani ko?" Malama ta ce da murna. "A bokiti ba ya ruɓewa, tsimuwa yake yi. Sai an binne shi ƙasa take ƙarasa aikin. Ku matso ku..."

Ba wadda ta matsa. Kowace mace a wurin ta san girkin hannunta. Mai waina ta ga wainarta. Saratu ta zura wa dambun ido, nata ne, ita kaɗai ke yanka albasa manya haka. Ta ɗago ta dubi Fulera, ta dubi ƙofar ɗakin ƙanenta, ta sa hannu ta toshe bakinta. Malama ta bi fuskokinsu da kallo, murmushinta ya tafi, ita ma ta yi shiru ba tare da ta san me ta yi ba.

Gefen tulin ya zame. Curin fura suka gangaro, wasu cikin rami, ɗaya ya mirgina har gefen tabarma ya tsaya a jikin ƙafar Inna.

"Me ya taɓa ni? Me ya sa kuka yi tsit?"

Fulera ta yunƙura za ta ɗauke, amma Inna ta riga ta kai hannu. Tana ji tana gani tsohuwar ta lalubo shi, ta kakkaɓe dusar, ta jujjuya a tafin hannu. Babban yatsanta ya faɗa gurbin, ya zauna daidai.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta laluba ƙasa, ta sami wani, ta sake samun wani, kowanne ta sa masa yatsa.

"Fulera."

"Na'am, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙwaryar farko, Inna." Kukan da ta daɗe tana dannewa ya ƙwace mata. "Ba ya wucewa. Komai ba ya wucewa. Shi ya ce kada in faɗa."

Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ture hannun Saratu, ta bi bango har ɗakin. Fulera ta bi ta a baya. Inna ta zauna a bakin gado, ta yaye mayafin, ta kama tsintsiyar hannunsa, yatsunta biyu suka zagaye ta har da saura. Ta shafa haƙarƙarinsa, ta shafa wuyansa.

"Inna, ai da sauƙi, wannan..."

"Yi mini shiru. A ba ni ƙwaryata da ludayi."

Da hannunta ta dama, ta tsinka, ta laluba bakinsa ta ba shi. Ya riƙe, ya rufe ido, ya yi iyakar yinsa, don Allah ya sani ya yi. Furar ta dawo. Ta goge masa da bakin zanenta, ta jira tarin ya lafa, ta sake ɗebowa. Ita ma ta dawo. Fulera na tsaye a bakin ƙofa, ba abin da za ta iya yi wa ɗayansu. A waje tana jin ƙarar shebur, Saratu ce ke tura ƙasa a ramin, mata suna zamewa ɗai-ɗai ba sallama.

Inna ba ta koma Tarai ba. Kashegari kuwa kwanuka suka zo fiye da kullum, kunu, koko, romo, farau-farau, don mutane ba su san wani abin da za su yi ba. Sai dai ba wadda ta ƙara tambayar ko ya ci. Inna ta sa Saratu ta daka mata gero, ta zauna a tsakar gida ta cura fura, kowane curi ta danna masa yatsa. Ta dama ɗaya ta shiga da ita, ta daɗe, ta fito da ita.

Da la'asar ta kira Fulera.

"Ina abin nan naki mai murfi? Kai ni."

Fulera ta riƙe hannunta har bayan ɗaki, ta buɗe mata bokiti na biyu. Tsohuwar ta durƙusa, ta jera sauran curin a ciki ɗai-ɗai, gurbin yana kallon sama. Ta miƙa hannu, Fulera ta zuba mata dusa, ta barbaɗa a hankali har ta rufe su.

"Gobe a jiƙa mini gero da wuri," ta ce. "Zan ƙara tsinka masa furar."